Dala 42,999: Nawa ne kuɗin babur, nawa ne kuɗin suna?

Na fara ganinsa ido da ido ne a wani gidan mai da ke kan hanyar Kaduna zuwa Abuja, wata Asabar da hantsi. Tun bai shigo ba na ji shi a ƙirjina. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan kunnensa ya saba da ƙarar Jincheng da ta Boxer, ya kuma san kukan manyan baburan Japan ɗin nan da samari ke sheƙa gudu da su, mai tsini kamar zai tsaga dodon kunne. Wannan nasa daban ne. Gurnani ne mai kauri, yana yi yana ɗingishi, kamar makaɗa biyu ɗaya na ɗan riga ɗaya sauke gula. Mai shi ya kashe inji, ya tura jak da ƙafa, ya sauko a hankali kamar mai sauka daga raƙumi. Kafin ya cire hular kwano 'yan acaɓa sun yi masa zobe.

Abin kuwa ya isa kallo. Akwatuna biyu a kwankwaso, garkuwa mai faɗi a gaba tana tare iska, a cikinta ga allo kamar na kwamfutar hannu, ga lasifikoki. Fentin in ka matsa kusa sai ka ga kamar rijiya kake leƙawa, launi a ƙarƙashin launi. Sunan Harley-Davidson na jiki, tare da haruffa uku, CVO, alamar sashen kamfanin da ke ƙera babura na musamman, 'yan kaɗan a shekara, don masu hannu da shuni.

Ni ɗan bakanike ne. Babana ya shafe sama da shekara talatin yana gyaran babura tun zamanin Vespa, don haka da jama'a ke shafa fenti ni tsugunawa na yi ina leƙen inji. Silinda biyu ne, sun buɗe kamar yatsu biyu, tsakaninsu digiri 45. Sandunan da ke riƙe fistin ɗin biyu wuri ɗaya suke ɗaure a jikin kiranshaf, shi ya sa wutar ba ta tashi a tazara ɗaya: wannan ya buga, wancan ya biyo shi da wuri, sai a ɗan dakata. Ɗingishin da na ji ke nan. Girman injin cc 1,977 ne, ya fi na yawancin Corolla da muke hawa. Nauyin babur ɗin ya doshi kilo 400. Da aka fito da wannan samfuri a 2023, farashinsa a Amurka dala 42,999 ne, ban da kuɗin jirgi, ban da na kwastan. Da wannan kuɗi za ka sayi Boxer sama da ashirin ka raba wa matasan unguwa, canji ya ragu.

Wani yaro a cikin 'yan acaɓan ya daure ya tambaya, "Alhaji, wai me ya sa yake da tsada haka?" Mai shi ya yi murmushi, ya ce masa ai tarihi ake saya. Tun ranar maganar ke yi mini yawo a ka, domin gaskiya ya faɗa, sai dai gaskiyar tana da wutsiya.

Bari in fara cire kaina daga sahun masu hassada. Iya kuɗinka iya shagalinka. Mutumin da ya kashe dukiya a kan ingarma da kayan ado don hawan Salla ba a tambayarsa me ya sa bai sayi jaki ba, alhali jaki ya fi ɗaukar kaya. Tsakanina da mai sayen CVO babu rigima. Da mai sayarwa nake, kuma tambayata ita ce: kamfanin da ya mai da gadonsa haja, yana karɓar kuɗi a kansa, ba shi da wani hakki a wuyansa game da wannan gado? Ni ina ganin yana da shi, kuma Harley-Davidson ya jima yana cin gadon fiye da yadda yake ciyar da shi.

Tarihin da ake sayarwa ba ƙarya ba ne. A 1903, a birnin Milwaukee na jihar Wisconsin, William Harley da 'yan gidan Davidson suka fara harhaɗa babur a wata 'yar rumfar katako mai ƙafa 10 a 15. A 1909 suka fito da injinsu na farko mai silinda biyu. Da tattalin arzikin duniya ya karye a shekarun 1930, kamfanonin babura na Amurka suka yi ta mutuwa, cikin manyansu biyu kacal suka tsira, Harley da abokin hamayyarsa Indian. A yaƙin duniya na biyu Harley ya ƙera wa sojoji babura kusan 90,000. Sojojin da suka dawo gida sun riga sun saba da su, suka saye ragowar da araha, suka yanke abin yankewa, suka ƙara abin ƙarawa, kowa ya mai da nasa yadda ransa ke so. A nan al'adar yi wa babur kwalliya ta kanka ta yi ƙarfi. Talakawa ne suka raine ta a gareji da bayan gida, da zarto da walda. Yau ita ce kamfani ke yi maka a masana'anta ya ɗora maka dala dubu goma sha a kai.

Akwai kuma ɓangaren tarihin da ba a cika sa shi a talla ba, kuma ni shi ya fi burge ni. A cikin waccan wahala ta shekarun 1930, Harley ya sayar wa wani kamfanin Japan zanen babur da kayan ƙira, Japanawa suka riƙa ƙera shi da sunan Rikuo. A 1960 ya sayi rabin kamfanin Aermacchi na Italiya, ya riƙa sayar da ƙananan baburan Italiya da sunan Harley a tanki. A 1969 wani babban kamfani mai suna AMF, wanda aka fi sani da kayan wasanni, ya saye Harley ɗungurungum, ya ƙara yawan ƙira, inganci ya faɗi ƙasa warwas. A lokacin ne Amurkawa da kansu ke yi wa babur ɗin ba'a kan yoyon baƙin mai, yayin da Honda da Yamaha da Kawasaki da Suzuki ke cika kasuwa da baburan da suka fi gudu, suka fi araha, ba sa kuma ɗiga a ƙasa.

A 1981 manyan ma'aikatan kamfanin su 13, ciki har da Vaughn Beals da Willie G. Davidson, jikan ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi, suka ci bashi suka fanso shi a kan kusan dala miliyan 80. Kamfanin na gab da shiɗewa. Sai suka garzaya wurin gwamnati. A 1983 Shugaba Ronald Reagan ya ɗora ƙarin harajin kashi 45 cikin ɗari a kan baburan da ake shigowa da su masu inji sama da cc 700, harajin da aka tsara zai riƙa raguwa har shekara biyar. A lura da wanda ya biya wannan kuɗi. Ba'amurken da ke son babban babur na Japan shi ya biya, ko da aljihunsa ko da haƙura da abin da yake so. Japanawa dai suka yi dabara, suka riƙa ƙera injin da ya tsaya daidai ƙasan iyakar. Amma Harley ya samu numfashi.

Abin yabon shi ne ba su yi barci a inuwar ba. Sun sauke girman kai sun koyi tsarin aikin masana'antar Japan, yadda ake kawo kayan haɗi daidai lokacin da ake buƙata da yadda ake kama kuskure tun a hannun mai ɗaure kusa. A 1984 suka fito da injin Evolution wanda ya kawo ƙarshen abin kunyar nan na yoyo. A 1987 da bakinsu suka ce wa gwamnati ta cire harajin, saura shekara guda wa'adinsa ya cika. Reagan ya je masana'antarsu ta York a jihar Pennsylvania ya yaba musu. In da ni ne mai tallan kamfanin, wannan labari zan riƙa bayarwa: mun faɗi, jama'a suka tallafe mu, muka koya daga wanda ya kayar da mu, muka tashi. Wannan gado ne na hannu da ƙwaƙwalwa, irin wanda maƙeri ke bar wa ɗansa.

Daga nan ne lamarin ya fara sauya kama. A 1994 kamfanin ya nemi hukuma ta yi masa rajistar ƙarar injinsa, ta zama mallakarsa shi kaɗai. Abokan hamayya suka ce ai duk injin da aka ƙera da wannan tsari haka zai yi ƙara. Aka yi ta shari'a shekara shida, a 2000 Harley ya janye. Ni a wurina wannan ƙara da aka shigar kan ƙara ita ce ta tona abin da ke zuciya: kamfanin ya gane cewa abin da ya fi kawo kuɗi shi ne yadda mutum ke ji in ya hau, sai ya shiga neman yi wa jin katanga. A 1999 aka buɗe sashen CVO. Riguna da huluna da takalma da kofuna masu ɗauke da tambarin suka zama wata kasuwar mai zaman kanta. Hausawa na cewa tuna baya shi ne roƙo, kuma maroƙi ya san in ya ambaci kakanka hannunka zai shiga aljihu.

Kasuwa ta yi ta hawa har 2006, shekarar da kamfanin ya fitar da babura kusan 350,000. Yau abin da yake sayarwa a shekara bai kai rabin haka ba. Waɗanda suka cika shagunansa a shekarun 1990 sun manyanta, gwiwa ta fara gardama, kuma babur mai kilo 400 ba ya tausayin gwiwa. Me kamfanin ya yi? A 2020, ƙarƙashin shugabansa na lokacin, Jochen Zeitz, wanda ya taɓa shugabantar kamfanin kayan wasanni na Puma, aka zaɓi a rage yawa a ƙara tsada, a mai da hankali kan manyan baburan tafiya mai nisa da ke kawo riba mai kauri. Aka daina ƙananan samfuran Street. Tsohon Sportster mai sanyaya inji da iska, wanda tun 1957 shi ne ƙofar da saurayi mai ƙaramin albashi ke bi ya shiga gidan, aka rufe babinsa a 2022, magajinsa kuma ya zo da farashi mafi tsada. A lissafin wata uku-uku wannan dabara ce mai kyau. Manomi kuwa yana da sunan da yake kiran ta: cin iri. Dattijon da ke sayen CVO yau, yawanci da ƙaramin babur ya fara yana ɗan shekara ashirin da wani abu. In ka toshe wannan ƙofa, wa zai sayi CVO nan da shekara talatin?

Sai kuma maganar ƙasa da tuta, wadda ita ce ta mai da zancen na jama'a. Babu kamfanin da ya lulluɓa da tutar Amurka kamar Harley. Mikiya, launukan tuta, hamadar yammacin ƙasar, doguwar hanya babu kowa: da su ake tallan. A farkon 2017 Shugaba Donald Trump ya karɓi shugabannin kamfanin a fadarsa yana nuna su a matsayin abin koyi. A ƙarshen shekarar aka rage wa kamfanonin Amurka haraji sosai. Ba a yi wata biyu ba, a Janairun 2018, Harley ya sanar zai rufe masana'antarsa ta Kansas City mai ma'aikata kusan 800, wani ɓangare na aikin ya koma York, a daidai lokacin da yake ware ɗaruruwan miliyoyin daloli don sake sayen hannun jarinsa. A tsakiyar shekarar, da Trump ya ɗora haraji kan ƙarfen Turai, Tarayyar Turai ta rama, ta ɗaga harajin baburan Amurka daga kashi 6 zuwa 31. Harley ya ce hakan zai ƙara wa kowane babur kimanin dala 2,200, don haka zai riƙa ƙera na kasuwar Turai a waje. Masana'antarsa da ke ƙasar Tailan ta samu aiki, Trump ya yi ta zuba masa ruwan faɗa a Twitter. A 2024 kuma aka sanar da mai da ƙirar samfuran Pan America da Sportster S da Nightster can Tailan ɗin. A Indiya kamfanin Hero ne ke ƙera X440 da sunan Harley, a Sin kuma Qianjiang ke ƙera X350 da X500.

Manyan baburan tafiya na kasuwar Amurka, ciki har da CVO, su dai har yanzu a York ake haɗa su, injinsu daga Wisconsin. Wato "ƙirar Amurka" ita ma ta zama kayan alatu, sai mai kuɗi.

A fahimce ni. Ba ni da wata matsala da hannun ɗan Tailan ko na Ba'indiye, kuma wanda ya san labarin Rikuo da Aermacchi ya san ba yau aka fara ba. Matsalata ita ce kamfanin na son ya ci tudu biyu. In gadon yana cikin zane da ilimin ƙira ne, to yana iya tafiya ko'ina, sai a daina sayar wa mutane tuta. In kuma yana cikin ƙasa da mutanenta ne, to mai walda na Kansas City yana da kaso a ciki, haka ma mai biyan harajin da aka tilasta wa tallafa wa kamfanin a 1983, kuma ba a yi musu adalci ba. Ba zai yiwu ranar neman agaji ka ce kai dukiyar ƙasa ne, ranar rabon riba ka ce kai ɗan kasuwa ne kawai ba. Ra'ayina shi ne duk gwamnatin da za ta kare wani kamfani da sunan tarihi, ta rubuta sharaɗi a takarda: ayyuka nawa, a ina, har zuwa yaushe. Kunya ba ta ɗaure kamfani, yarjejeniya ke ɗaure shi.

Wanda ke son ya ga ƙarfin suna tsirararsa, ya dubi Indian. George Hendee da Oscar Hedstrom ne suka kafa shi a Springfield ta jihar Massachusetts a 1901, ya riga Harley da shekara biyu, ya kuma taɓa zama kamfanin babura mafi girma a duniya. A 1953 ya daina ƙira. Daga nan sunan ya yi ta yawo hannu zuwa hannu kamar rigar gwanjo. An liƙa shi a baburan Ingila, an liƙa shi a ƙananan baburan da aka shigo da su, a ƙarshen shekarun 1990 wani kamfani a Gilroy ta jihar Kalifoniya ya liƙa shi a baburan da injinsu kwaikwayon na Harley ne, ya kuma karye a 2003. A 2011 kamfanin Polaris, mai ƙera motocin kan ƙanƙara da na daji, ya sayi sunan. To Polaris na da nasa babur ɗin, Victory, wanda ya fara ƙerawa tun 1998 a Spirit Lake ta jihar Iowa, kuma masana sun yaba ingancinsa. A wannan masana'antar aka shiga ƙera Indian. A Janairun 2017 aka kashe Victory, aka bar Indian. Gini ɗaya, gari ɗaya, mai gida ɗaya. Bambancin kawai ɗaya na da 1901 a jikinsa, ɗaya ba shi da kaka. Baburan Indian na yanzu masu kyau ne, ban musa ba, Roadmaster ɗinsu na gogayya da duk abin da Harley ya fitar. Amma tsakanin hannun da ya ƙera na 1953 da wanda ke ƙera na yau babu sarƙar koyo, takardar ciniki ce ta haɗa su. Ga kuma wani abin da ke ɗan sosa mini rai: sunan da hoton sarki mai hular gashin tsuntsu na asalin mazauna Amurka ne, mutanen da ba su kafa kamfanin ba. Gadon aro a kan gadon aro.

Mu ma mun san wannan ciwo ta ɗaya gefen. Fatar jan akuyar Sakkwato da majemanmu suka jeme ta ratsa Sahara ta isa Turai, can aka yi mata suna fatar Maroko, saboda ta tashoshin Maroko ta bi. Hannu namu, suna na wani, kuma suna ne ya fi tsada.

Akwai misali na uku da ya fi kwanta mini. Royal Enfield kamfanin Ingila ne. A 1955 aka fara haɗa samfurinsa na Bullet a Madras, wadda ake kira Chennai yanzu. Uwar kamfanin a Ingila ta mutu wajen 1970, Indiyawa suka ci gaba da ƙira ba su tsaya ba, maigida na koya wa yaro, har da masu zana layin zinare a tanki da hannu. Yau suna sayar da babura wajen miliyan guda a shekara, suna kai su har Ingila da Amurka, a farashin da malamin makaranta zai iya tunkara. Su ma tarihi suke sayarwa, suna ma taƙama da 1901. Amma sun bar ƙofa a buɗe. In aka tambaye ni wa ya fi riƙe gado tsakanin wanda ya sayi suna, da wanda ya tsare suna ya ɗaga farashi, da wanda ya ci gaba da aikin ya kuma bar yara suna shigowa, ba sai na yi dogon tunani ba.

Zan yi wa CVO adalci, don ɗan bakanike ba ya raina aiki mai kyau. An ƙera shi ne don ƙasar da mutum zai tashi daga gabas ya nufi yamma ya yi kwanaki a kan kwalta mai santsi. Injin ba ya buƙatar a matsa masa, daga ƙasa yake da ƙarfi, yana ja kamar bijimi. Garkuwar samfurin Road Glide a jikin firam take, ba a kan hannun tuƙi ba, don haka iskar babbar mota in ta bugo ba ta karkatar da kai. Sirdin kamar kujerar falo. Sabon abin da aka gwada a CVO yakan sauko zuwa na ƙasa da shi: fasalin da aka fara gani a na 2023 shi ya bayyana a Street Glide da Road Glide na gama-gari a 2024. Sannan suna mai tsawon rai yana da amfaninsa na zahiri. Wanda ke da Harley na shekara arba'in zai iya samun kayan gyara, daga kamfani ko daga ɗimbin masu ƙera kayan maye. Ƙungiyar masu babur ɗin da aka kafa a 1983 ta ba mutane da yawa dangi. Kowane Agusta ɗaruruwan dubban mutane ke taruwa a ƙaramin garin Sturgis na jihar Dakota ta Kudu, taron da ya faro tun 1938. Abin dariya, dillalin Indian ne ya assasa shi, Harley ya cika filin daga baya. Duk wannan yana cikin abin da kuɗin ke saya, kuma ba iska ba ne.

Amma akwai waɗanda ke biyan wani kaso ba tare da an tambaye su ba. Gurnanin nan da ya daki ƙirjina a gidan mai, da daɗi yake in sau ɗaya ka ji shi da rana. Ka tambayi mai jariri a gidan da ke bakin titi da ƙarfe ɗayan dare. Daga masana'anta babur ɗin na fitowa da salansa mai bin doka, amma da yawa daga masu saye abin da suke fara yi shi ne sauya ta da mai buɗaɗɗen maƙogwaro, don abin da aka tallata musu ke nan. A 2016 kamfanin ya amince ya biya tarar dala miliyan 12 ga hukumomin Amurka kan wasu na'urorin ƙara wa inji ƙarfi, kimanin 340,000, da hukumar kare muhalli ta ce suna ƙara gurɓata iska. 'Yancin da ake waƙa a talla na mai babur ne, kunne da huhu na maƙwabci.

Kuma ƙarar ta zama tarko ga mai ita. A 2019 Harley ya fito da LiveWire, babur mai lantarki, a kan kusan dala 30,000. Waɗanda suka gwada shi sun yaba. Tsofaffin masoya suka ce wannan ba namu ba ne, ba ya gurnani. Matasan da ke son lantarki kuma ba su da dala 30,000. Aka ware shi ya zama kamfani mai zaman kansa, a 2023 da 2024 bai sayar da dubu guda a shekara ba. Ka shekara talatin kana koya wa mutane cewa kai sauti ne da ƙamshin fetur, ranar da ka zo da shiru dole su ƙi gane ka. Waɗanda suka kafa kamfanin a 1903 samari ne 'yan shekara ashirin da ɗoriya, masu ƙirƙirar abin da ba a saba gani ba, suna ɗora inji a kan abin da bai wuce keke ba. Da wuya a ce burinsu shi ne jikokinsu su riƙa sayar wa dattawa hoton jiya.

A gidan man nan, da Alhajin ya gama shan mai, sai ya zamana gaban babur ɗin na kallon gangare, ga mota ta tare shi. Ya yi ƙoƙarin ja da baya da ƙafa, abin ya ƙi motsi. Yaron da ya yi tambayar ne ya ajiye Boxer ɗinsa ya zo ya kama ƙarfen baya, su biyu suka janye shi. Alhaji ya ba shi wani abu, ya tayar, gilasan gidan man suka amsa. Na ɗauki hoto kafin ya fita.

Da na je gida na nuna wa Baba a waya. Ya sa tabarau, ya buɗa hoton da yatsu biyu, bai ko kalli fentin ba, ya wuce kai tsaye kan inji. Ya daɗe yana dubawa, yana gyaɗa kai. Na faɗa masa kuɗin, na juya masa shi zuwa naira. Bai ce komai ba a kan wannan. Ya miƙo mini wayar ya ce, "Aikin ya yi kyau. To in ring ɗinsa ya mutu, yaron wa aka koya wa buɗe shi?"